Bam Daga Jirgin Gida: Saint-Lô 1944 da Abin da Ya Biyo Baya

A tsakiyar watan Yulin 1944, makonni shida bayan sojojin ƙawance sun sauka a gaɓar Nomandi da ke arewacin Faransa, yaƙi ya cije wa Amurkawa. Ƙasar wurin ƙananan gonaki ce, kowace gona an kewaye ta da tudun ƙasa, a bisa tudun kuma akwai shinge mai kauri na itatuwa da ƙaya wanda manoman yankin suka gada kaka da kakanni. Jamusawa sun mayar da kowane shinge ganuwa. Sai a wuni ana ɓarin wuta a kan gona biyu ko uku. Kafin garin Saint-Lô ya faɗo hannun Amurkawa a ranar 18 ga Yuli, sun yi asarar dubban mutane, garin kansa kuma ya zama kufai.

Janar Omar Bradley, kwamandan Runduna ta Ɗaya ta Amurka, ya ƙudura fasa wannan ƙangi da ƙarfin sama. Shirin, wanda aka raɗa wa suna Cobra, ba shi da wuyar faɗa. Akwai miƙaƙƙiyar hanya da ta taso daga Saint-Lô ta nufi Périers ta yamma. Amurkawa suna arewa da ita, Jamusawa suna kudu. Bradley ya shata wani fili kudu da hanyar, tsawonsa kimanin kilomita 6, faɗinsa ya ɗan haura kilomita 2, ya ce a niƙe shi da bam, sannan rundunonin Janar J. Lawton Collins su kutsa ta kan ɓaraguzan kafin wanda ya tsira ya farfaɗo.

Matsalar tana wajen jiragen da za su yi aikin. B-17 da B-24 manyan jirage ne masu injin huɗu, an ƙera su don rusa masana'antu da matatun mai a cikin Jamus, daga tsayin da mutum ba ya ganuwa a ƙasa. Ba kowane jirgi ke saita bam da kansa ba. Suna tafiya ne rukuni-rukuni, mai saiti na jirgin gaba shi ke duba wuri, da ya saki nasa sauran su saki, kamar masu shuka da ke bin mai sungumi: inda ya sara nan ake zuba iri, ko da ya kauce wa kunya. Kuma babu wata oba-oba da ta haɗa sojan da ke cikin rami da waɗannan jirage. Da sun taso daga Ingila, sai dai a bi ta hedikwata a aika musu saƙo.

Ranar 19 ga Yuli Bradley ya tashi zuwa Stanmore, kusa da Landan, ya zauna da shugabannin sojin sama ƙarƙashin Sir Trafford Leigh-Mallory. Batutuwa biyu aka ja a kansu. Na farko, nisan da sojojin ƙasa za su ja da baya kafin a fara. Hafsoshin sama sun nemi kimanin mita 2,700. Bradley ya ce mita 730 ya isa, domin ba ya son mayar wa Jamusawa ƙasar da aka saya da jini, kuma yana son mutanensa su auka wa abokan gaba tun suna cikin ɗimuwa. Aka tsaya a kan kimanin mita 1,100. Na biyu shi ne ta inda jiragen za su ɓullo. Bradley ya so su bi tsawon hanyar, su riƙa shawagi a kan Jamusawa kaɗai, ta yadda bam ɗin da ya faɗi da wuri ko a makare duk a kan maƙiyi zai sauka. Hafsoshin sama suka ce jirage 1,500 ba za su iya wucewa ta wannan siririyar ƙofa cikin sa'a ɗaya ba, kuma bin tsawon filin zai bar su a bakin bindigogin kakkaɓo jirage na tsawon lokaci. Su dai sun fi son zuwa daga arewa, su bi ta kan sojojin Amurka, su tsallake hanyar su saki kaya.

Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne yadda aka tashi daga taron. Bradley ya koma Faransa da yaƙinin an amince da buƙatarsa, su kuma suka koma sansanoninsu suka tsara abin da suka ce shi kaɗai zai yiwu. Har bayan yaƙi suna musayar zargi a kan wanda ya faɗi me. A ganina nauyin yana kan su duka: a magana irin wannan, da ran dubban mutane ke rataye da ita, bai kamata a watse ba tare da an rubuta matsaya ɗaya kowa ya gani ba.

Ruwan sama ya sa aka yi ta ɗage rana, har aka tsayar da 24 ga Yuli. Da safiyar ranar gajimare ya rufe filin. Leigh-Mallory, wanda ya zo Nomandi don ya gani da idonsa, ya ba da umarnin a dakata, amma jirage sun riga sun yi nisa. Da yawa sun juya da kayansu. Kimanin 300 kuwa suka saki. A wani rukuni, mai saitin jirgin gaba yana kokawa da makunnin sakin bam da ya maƙale, sai wani ɓangare na kayansa ya zube kafin a kai hanyar, na bayansa suka bi sahu. Bama-baman suka sauka a kan Runduna ta 30 ta sojojin ƙafa. Mutum 25 suka mutu, 131 suka jikkata.

A nan Bradley ya gane ta kan mutanensa jiragen suka biyo. Ya fusata, ya nemi bayani, aka gaya masa sake tsarin zai ci kwanaki. Ga shi kuma Jamusawa sun riga sun san inda za a ɓullo musu. Ya amince a sake washegari, ta hanyar da aka bi jiya. Wannan hukunci nasa ne, kuma ya yanke shi yana sane da abin da ya faru sa'o'i kaɗan kafin nan.

Ranar 25 ga Yuli, da misalin ƙarfe tara da rabi na safe, ƙananan jiragen yaƙi suka fara, suna bin gefen hanyar. Bayansu manyan jirage kimanin 1,500 suka biyo, sannan matsakaita kimanin 380. Jimillar abin da aka zuba ya haura tan 4,000. Masu igwa sun harba jan hayaƙi don nuna iyakar da ba a so a ƙetare. Rukunonin farko sun sauke kayansu daidai. Amma ƙurar da suka tayar ta binne hanyar, ita ce kuwa alamar da masu saiti suka dogara da ita, sai wata iska mai sauƙi daga kudu ta riƙa tura ƙurar da jan hayaƙin zuwa arewa. Na baya da suka iso ba sa ganin komai sai ƙura, suka riƙa saki a bakinta, bakin nata kuma yana matsowa kan ramukan Amurkawa. Ɗan jarida Ernie Pyle yana tare da Runduna ta 4 a ranar, ya kuma rubuta yadda suka tsaya suna kallon sama da murna har suka lura wutar tana tahowa wajensu.

Mutum 111 suka mutu a ranar, 490 suka jikkata. Wasu ƙasa ta binne su da rai a ramukansu, wasu da yawa babu rauni a jikinsu amma hankalinsu ya gushe, sai da aka janye su daga fagen daga. Cikin mamatan har da Bede Irvin, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na AP.

Har ila yau cikinsu akwai Laftanar Janar Lesley McNair, mutumin da ya jagoranci tsarawa da horar da sojojin ƙasa na Amurka tun kafin ta shiga yaƙin. Ya zo kallo ne, ya matsa gaba har ramukan wata bataliya ta Runduna ta 30. Bam ya tashi da shi, da taurari ukun da ke wuyan rigarsa aka gane shi. Mutuwar tasa ta jawo wata damuwa ta daban. An turo shi Turai ne don ya gaji Janar Patton a matsayin kwamandan wata rundunar bogi da aka ƙirƙira a kudancin Ingila, don Jamusawa su ci gaba da zaton babban hari na nan tafe ta yankin Calais. Da labari ya fita cewa ya mutu a Nomandi, wannan yaudara na iya tonuwa. Saboda haka a ɓoye aka binne shi, manyan janarori kaɗan, ciki har da Bradley da Patton, su suka ɗauki gawarsa. Kimanin mako biyu bayan haka aka kashe ɗansa Douglas, shi ma hafsa ne, a tsibirin Guam.

Abin da ke sa wannan tarihi nauyin hukuntawa shi ne harin ya yi aiki. Rundunar tankoki ta Panzer Lehr, ƙarƙashin Janar Fritz Bayerlein, ita ke riƙe da filin. Da suka ga an ja baya a ranar 24, sai suka ɗauka sun kore hari ne, suka ƙara matso da mutane gaba, wato cikin inda za a niƙe washegari. Tankokinsu suka kife, wayoyin sadarwarsu suka tsinke. A yammacin 25 Amurkawa ba su ci nisa ba, har an fara fargabar an yi asara a banza, amma Collins ya lura bayan layin gaba na Jamusawa babu kowa, ya saki tankokinsa washegari. Kafin ƙarshen Yuli sun kai Avranches, ranar 1 ga Agusta Runduna ta Uku ta Patton ta fara aiki, kuma cikin wata guda an shiga Paris. Duk da haka Janar Eisenhower ya ce ba zai sake amfani da manyan jirage a gaban sojojin ƙasa haka ba. Sojojin Runduna ta 30 kuwa suka riƙa kiran sojin saman ƙasarsu da sunan sojin saman Jamus, cikin ba'a mai ɗaci. Ba su rabu da abin ba: a Disamban shekarar, suna riƙe da garin Malmedy na Beljiyam, jiragen Amurka suka yi wa garin ruwan bam kwana uku a jere, suka kashe sojoji da fararen hula masu yawa.

Abokan ƙawancen ma ba su tsira ba. Ranar 14 ga Agusta, a kan hanyar Falaise, manyan jiragen Birtaniya da na Kanada suka saki bam a kan sojojin Kanada da na Folan. Da na ƙasa suka ga wuta a kansu, sai suka kunna hayaƙi ruwan ɗorawa, alamar da aka koya musu ta cewa "namu ne". A wajen masu manyan jiragen kuwa, ruwan ɗorawa shi ne launin da aka zaɓa a ranar don nuna inda za a jefa bam. Babu wanda ya gaya wa wani.

A cikin makon Cobra ɗin ne kuma aka gwada maganin da ya ɗore. Janar Elwood Quesada, mai kula da ƙananan jiragen da ke rakiyar rundunar Bradley, ya sa aka ɗora rediyon jirgi a cikin tankar da ke gaban kowane ayari, aka zaunar da matuƙin jirgi a ciki. Jiragen P-47 huɗu suna shawagi a kan ayarin, wanda ke cikin tankar yana magana da su da harshen da suka saba, yana gaya musu ga mu nan, ga maƙiyi can. Daga irin wannan tsari aikin mai jagorantar jirgi daga ƙasa ya bunƙasa, wanda a yau manyan rundunonin duniya ke ba shi horo na musamman. Duk da haka, da yawa daga cikin kurakuran da suka biyo baya a wannan mahaɗa suka auku, tsakanin wanda ke ƙasa da wanda ke sama.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991, cikin sojojin Amurka 148 da suka mutu a fagen daga, 35 wutar 'yan uwansu ce ta kashe su. Ranar 26 ga Fabrairu jiragen A-10 guda biyu suka harba makamai masu linzami kan motocin sulke biyu na Birtaniya a hamadar Iraƙi, sojoji tara suka mutu. Kotun binciken mutuwa da ta zauna a Oxford a 1992 ta ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, matuƙan kuwa ba su halarta ba.

Shekara goma bayan wannan yaƙi an riga an sami bam mai bin tauraron ɗan'adam, wanda ke faɗawa inda aka rubuta masa. Ranar 5 ga Disamba 2001, arewa da Kandahar, wani mai jagorantar jirgi da ke tare da dakarun musamman na Amurka ya auna wurin 'yan Taliban da na'urarsa. Batir ya mutu, ya sauya. Na'urar kuwa in aka sake kunna ta, lambobin inda take tsaye take nunawa. Waɗannan lambobi aka miƙa wa jirgin B-52, ya saki bam mai nauyin kimanin kilo 900, bam ɗin ya tafi daidai inda aka aike shi. Amurkawa uku suka mutu tare da mayaƙan Afganistan da dama. Hamid Karzai yana wurin, ya ji rauni a fuska, a ranar ce kuma taron Bonn ya zaɓe shi shugaban riƙon ƙwarya na Afganistan.

Na gonar Tarnak ya fi kowanne tayar da ƙura. A daren 17 ga Afrilu 2002, sojojin Kanada suna atisayen harbi a wannan gona, wani fili ne kusa da Kandahar da aka ware don haka. Jiragen F-16 biyu na Amurka suna kan hanyar komawa bayan dogon sintiri, suka hango walƙiyar harsasai. Manjo Harry Schmidt ya nemi izinin harbi, jirgin da ke kula da zirga-zirgar sama ya ce ya dakata a bincika. Jim kaɗan sai ya ce kare kansa zai yi, ya saki bam mai kimanin kilo 227. Daƙiƙu kaɗan bayan nan amsa ta iso cewa mutanen gida ne. Huɗu suka mutu, takwas suka jikkata, su ne sojojin Kanada na farko da suka mutu a fagen yaƙi tun bayan yaƙin Koriya. Lauyoyin matuƙan sun ce ba a sanar da su atisayen ba, sun kuma kawo batun ƙwayar hana barci da rundunar ke ba matuƙa a dogon aiki. An fara tuhumarsu da kisa ba da gangan ba, daga baya aka janye. A Yulin 2004 aka sami Schmidt da laifin sakaci da aiki, aka ba shi takardar gargaɗi da tarar kimanin dala 5,700. Hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai in aka dubi cewa an ce masa ya jira, kuma yana da sararin da zai haura sama ya bar wurin.

Ranar 28 ga Maris 2003, arewa da Basra a Iraƙi, A-10 biyu suka sake auka wa motocin sulke na Birtaniya. Motocin suna ɗauke da ƙyallaye ruwan lemo, alamar ƙawance. Matuƙan sun ga launin, sun yi ta tattauna shi a tsakaninsu, mai jagorantarsu daga ƙasa ya ce babu mutanen gida a yankin, daga ƙarshe suka shawo kansu cewa rokoki ne. Wani soja mai suna Matty Hull ya mutu a cikin motarsa. Iyalinsa sun shekara kusan huɗu ba a nuna musu bidiyon cikin jirgin ba, sai da jaridar The Sun ta fitar da shi a Fabrairun 2007. Wata guda bayan haka mai binciken mutuwa Andrew Walker ya yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba.

Ko a 2014 abin bai sauya ba. Ranar 9 ga Yuni, a lardin Zabul na Afganistan, wasu sojoji suka hau tudu don mayar da martanin harbi. Suna sanye da fitilu masu ƙiftawa waɗanda ido ba ya gani sai da tabaran dare. Ma'aikatan jirgin B-1 suka duba da na'urar hangensu ba su ga ƙiftawa ba, suka ce ashe maƙiya ne. Binciken Manjo Janar Jeffrey Harrigian ya gano cewa na'urar ba ta ganin irin wannan haske tun asali, kuma na sama da na ƙasa duk sun ɗauka tana gani. Amurkawa biyar da sojan Afganistan ɗaya suka mutu.

Mai karatu a arewacin Najeriya ba baƙo ba ne ga irin wannan labari. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojin sama ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge ta jihar Borno. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce kimanin mutum 90 suka mutu, cikinsu akwai ma'aikatan agaji na Red Cross. Da hedikwatar tsaro ta bayyana sakamakon bincikenta, cewa ta yi ba a sanya sansanin a taswirar aiki ba. A Afrilun 2021 rahotanni suka fito cewa jirgi ya buɗe wa sojojin ƙasa wuta a Mainok, rundunar sojin sama ta ce tana bincike. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya gawa 85. A Zamfara ma an sha jin jirgi ya ɗauki 'yan sa-kai a matsayin 'yan bindiga, domin daga sama mai babur da bindiga duk ɗaya ne.

Zancen batir na Kandahar, da hayaƙi ruwan ɗorawa na Falaise, da na'urar Zabul, duk an san su ne saboda an yi bincike kuma sakamakon ya fito fili, wani lokaci da son hukuma, wani lokaci sai da iyalai da 'yan jarida suka matsa. Kwamitocin tsaro na Majalisar Dokoki ta Ƙasa suna da ikon neman cikakken rahoton Rann da na Mainok da na Tudun Biri. Su nema, su buga su yadda iyalan mamata da sojojin da har yanzu ke kiran jirgi daga daji za su iya karantawa.